Kuɗin "kominikasiyo": a faɗa mana farashi da harshen da muke ji



Duk wanda ya taɓa riƙe kasafin kuɗin wani furoje a hannunsa, na ƙungiya ne ko na meri ko na wata ma'aikata, ya san wani layi da ke can ƙasa-ƙasa, bayan kuɗin siminti da na esansi da na albashi. Da Faransanci ake rubuta shi: «communication et visibilité». In an zo kan kuɗin rijiya sai a yi ta jayayya: buhun siminti nawa, gaba nawa za a haƙa, wa ya ba da wannan farashin? In an zo kan wancan layin kuwa sai ɗaki ya yi tsit. Kunya ce ke rufe bakin mutane, kowa na tsoron ya yi tambaya a ce bai waye ba. Haka kuɗin ke wucewa ta gaban idonmu, ba wanda ya ce uffan.

Abin da nake gani shi ne: kuɗin da ake kashewa da sunan talaka don a yi ma talaka magana, dole talaka ya iya karanta lissafinsu. Duk farashin da ba a iya fassara shi da Hausa, a faɗe shi da jika da dala, akwai abin da yake ɓoyewa.

Kada a fahimce ni baibai, ba aikin nake rainawa ba. Isar da saƙo ga jama'a aiki ne na gaske, wani lokacin ma rai ke kansa. A 2003, jita-jita kan allurar shan inna ta sa wasu jihohin arewacin Najeriya sunka dakatar da rigakafin, Kano ta kai har tsakiyar 2004, cutar kuma ta sake bazuwa zuwa ƙasashe da dama. Maganin na nan, kuɗin na nan, amincewar mutane ce ta ɓace, kuma sai da anka zauna da malamai da sarakuna kafin ta dawo. Mu ma a nan, wanda ya ga ambaliyar daminar 2024 ya san darajar sanarwar da ta iso kan lokaci, da harshen da mai gida ke ji. Muhimmancin aikin ne ma ya sa bai kamata a bar farashinsa cikin duhu ba.

Sana'ar da ta fara da canza ma kanta suna

Yana da kyau mu san inda wannan sana'a ta fito. Ɗaya daga cikin waɗanda ake kira iyayenta shi ne Edward Bernays, mutumin Amurka, wanda Sigmund Freud kawunsa ne. Lokacin yaƙin duniya na ɗaya ya yi aiki a hukumar farfagandar gomnatin Amurka. Bayan yaƙi kalmar farfaganda ta yi baƙin jini, sai ya raɗa ma kansa sabon suna: mai ba da shawara kan hulɗa da jama'a. Aikin bai canza ba, rigar ce anka canza masa. A 1928 ma littafin da ya fitar sunansa Propaganda.

A 1929 wani kamfanin taba, American Tobacco, ya biya shi don mata su rinƙa shan sigari a fili, abin da a lokacin ake ɗauka abin kunya. Bai sayi shafin talla ba. Ya shirya wasu mata su kunna sigari a tsakiyar jerin gwanon bikin Ista a birnin New York, ya kuma tsegunta ma ƴan jarida cewa mata za su kunna fitilun ƴanci. Jaridu sunka ɗauka a matsayin labari, masu karatu kuma ba su san kamfanin taba ke bayan abin ba. Daga nan za mu ga ginshiƙan sana'ar guda biyu in ta lalace: a sa ma abu suna mai daɗi, sannan a ɓoye wanda ya biya. Shekara kusan 100 ke nan, amma duk wanda ke kallon labaran dare a ƙasar nan ya san dabarar ba ta tsufa ba.

Yadda ake sa farashi

Kamfanonin kominikasiyo, waɗanda muke ce ma ajans, da ƙwararrun da ake ɗauka haya, suna da hanyoyi sanannu na sa farashi. Kowace hanya akwai inda take tura mai aikin, kuma shi ya kamata mu lura da shi.

Ta farko ita ce biyan wata-wata. Ana ƙulla yarjejeniya, duk ƙarshen wata a ba ajans wani adadi tsayayye, ko aiki ya yi yawa ko bai yi ba. Amfaninta, kana da mai amsa kiranka kowane lokaci. Illarta, ajans ɗin zai so wanda ke biyansa ya ci gaba da jin yana bukatarsa, kuma zai yi masa wuya ya ce masa "wannan bai dace ba". Misalin da duniya ta gani shi ne na Bell Pottinger, wani babban kamfani na birnin Landan. A 2016 ya karɓi aiki daga Oakbay, kamfanin iyalan Gupta, aminan shugaban Afirka ta Kudu na lokacin Jacob Zuma, a kan fam 100.000 duk wata, wato sama da miliyon 70 na CFA. Ana zargin iyalan da juya gomnati yadda suke so, sai kamfen ɗin ya karkata hankalin jama'a zuwa ga farar fata masu riƙe da dukiyar ƙasar, ya hura wutar bambancin launin fata a ƙasar da raunin wariya bai gama warkewa ba. Ƴan jarida da ƴan farar hula da ƴan adawa sunka tono asirin. A watan Satumba na 2017 ƙungiyar masu wannan sana'a ta Birtaniya ta kori kamfanin, cikin ƴan kwanaki ya durƙushe. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Ta biyu ita ce lissafin yini, wanda a takarda ake rubuta «homme-jour». Mu ɗauka misali an sa ma ƙwararre jika 100 a yini, an ce aikin kwana 15 ne. Miliyon 1 da rabi ke nan. Albashi mafi ƙanƙanta da doka ta yarda da shi a Nijar tun Janairun 2024 jika 42 ne a wata, ke nan wannan aikin na mako biyu ya kusa albashin shekara 3 na ƙaramin ma'aikaci. Ban ce ilimi bai cancanci lada ba. Tambayata ita ce: wa ya ƙirga kwanakin? In da yini ake biyan mutum, mai jan ƙafa ya fi mai sauri samu. In kuma tsarin da ya kawo ma Tasawa shi ne wanda ya sayar ma Madawa bara, sunan gari kawai ya canza, to kwana 15 ɗin na mine ne?

Ta uku ita ce la'ada. Tun da daɗewa kamfanonin talla a Amurka da Turai sun saba da kashi 15 cikin 100 na duk kuɗin tallar da sunka kai ma jarida ko rediyo. Mu ce sanarwa ɗaya a rediyo jika 10 ce. In an sa ta sau 60, jika 600 ke nan, ajans ya samu jika 90. In an sa ta sau 120 ya samu jika 180, alhali aikinsa bai ƙaru ba. To in ka tambaye shi sau nawa ya kamata a sa, wace amsa kake jira? La'ada a kanta ba laifi ba ce. A kasuwar dabbobi dillali na karɓar la'adarsa, amma mai saye ya san da ita, mai sayarwa ma ya san da ita. Matsala na farawa ne in ajans ya karɓi kuɗin aikinsa daga mai furoje, ya zagaya ya karɓi ragi daga gidan rediyo, bai faɗa ma kowa ba.

Ta huɗu ita ce farashin dunƙule, «forfait». Layi ɗaya a faktir: kamfen na wayar da kai, miliyon kaza. Bandarol nawa ne a ciki, riguna nawa, minti nawa a rediyo, nawa mai fassara ya samu, duk babu. Ba a cinikin biri a sama, amma a wannan fannin kullum haka ake yi. A ƙara da wasu haruffa ƙanana da ke bin adadi, HT da TTC. Na farko yana nufin ba a sa harajin TVA ba, na biyu an sa. TVA a ƙasarmu kashi 19 cikin 100 ne, ke nan miliyon 1 HT ya zama miliyon 1 da jika 190 ranar biya. Wakilin gari da ke zaune a kwamiti, wanda da dala yake lissafinsa tun yana yaro, wa ya taɓa yi masa wannan bayanin kafin a ce ya sa hannu?

Ta biyar ita ce biya gwargwadon fitowa a kafafen labarai: in labarinka ya fito a talabijin kaza da jarida kaza, ka biya kaza. Da jin ta kamar ita ta fi adalci, tunda sakamako ake biya. A gaskiya ita ta fi haɗari, domin ba wanda ke iya yi maka alkawarin labarinka zai fito sai wanda ya saye wurin. Nan ne ambulan ke shigowa.

Ambulan da kuɗin esansi

Kowa ya san yadda abin ke gudana. Ana atiliye a otel, a gayyato ƴan jarida, a ɗauki jawabin buɗewa, a bi su da takardar sa hannu da ambulan, a ce kuɗin esansi ne. Wasu gidajen ma suna da farashi a rubuce na abin da ake kira «couverture médiatique», wato ka biya a zo a ɗauki taronka. Da dare a nuna shi cikin labarai, tsakanin labarin majalisar ministoci da na kasuwa, babu wata alama da ke nuna ma mai kallo cewa wannan an biya.

Ba ƙaramin ɗan jaridar da ya zo bisa babur ɗinsa nake tuhuma ba. Da yawansu albashinsu bai taka kara ya karya ba, wasu sai su yi watanni ba a biya su, ambulan ɗin nan shi ne cefanen gida. Gidajen rediyo da talabijin masu zaman kansu ma suna da kuɗin wuta da na haya a kansu, kasuwar talla kuwa ƙarama ce. Amma tausayi ba ya goge sakamako. In baki ya ci, ido kan ji kunya. Wanda ya karɓi ambulan ɗinka da safe ba zai koma ƙauyen bayan wata 6 ya duba ko fanfon da anka ƙaddamar yana ba da ruwa ba. Abin da ya fi wannan muni: wanda ba shi da ambulan ba shi da labari. Matan da ke kwana a layin ruwa ba su da kasafin kominikasiyo, haka manomin da anka cinye masa gona. Sai labarai su cika da buɗe taro da rufe taro, kamar ƙasar gaba ɗaya a cikin otel take zaune.

Ƙa'idar aikin jarida ba ta bar wannan a duhu ba. Sanarwar Munich ta 1971, wadda ake koya ma ɗaliban jarida a ƙasashe masu amfani da Faransanci, ta hana ɗan jarida gauraya aikinsa da na mai talla ko mai farfaganda. Rahoton da anka biya yana da sunansa, «publi-reportage», kuma halal ne in an rubuta sunan a kansa kowa ya gani.

Mu duba al'adarmu ma. Mun gaji maroƙa da sanƙira da masu shela. Maroƙi na wasa mai gidansa a bainar jama'a, a miƙa masa kyauta a bainar jama'a, har ya ɗaga ta ya faɗi adadinta da sunan wanda ya bayar. Duk mai sauraro ya san yabo ne, ya san kuma wa ya biya, don haka ya san ma'aunin da zai auna maganar da shi. Ta wannan fuskar maroƙi ya fi rahoton da anka saye a ɓoye gaskiya nesa ba kusa ba.

Alƙaluman da ba su auna komai

In aiki ya ƙare sai a kawo rapor mai ɗauke da alƙaluma masu ƙyalli. Akwai wata tsohuwar dabara: a auna girman wurin da labarinka ya ci a jarida, a lissafa nawa za ka biya da talla ce, a ce ribar da ka samu ke nan. In shafin talla jika 300 ne, labarin ya ci rabin shafi, an "samo" maka jika 150. Wasu ma sukan ninka adadin sau 2 ko 3, wai don labari ya fi talla shiga rai. Masana auna wannan aiki da kansu sun taru a Barsalona a 2010 sun yi watsi da wannan lissafi, sun ce ba shi ke nuna darajar aikin sadarwa ba. Duk da haka yana nan yana yawo.

Yanzu ga ƙanensa na zamani: mutum kaza "sun ga" saƙon a Facebook. Wanda yatsansa ya wuce ta kan hoton cikin daƙiƙa ɗaya an ƙirga shi. Ana iya biyan Facebook ya ƙara yawan masu gani, a kawo adadin a matsayin nasara. Saƙon an yi shi don mata masu ciki na karkarar Dakoro, da Faransanci anka rubuta shi, masu danna masa "like" kuwa ma'aikatan ƙungiyoyi ne a Yamai. Tambayar da ta dace ita ce: mata nawa sunka ƙaru a wurin awon ciki? Yara nawa anka kai rigakafi? Wannan na da wuyar aunawa, shi ya sa ake guje masa.

Manyan kalmomi, ƙaramin aiki

Mu zo kan harshe, domin shi ne bargon da ake lulluɓe duk wannan da shi. Ku gwada wani wasa: ku ɗauki takardar furoje ku mayar da kalmominta Hausa. «Sensibilisation» ita ce a tara mutane a yi masu bayani. «Plaidoyer», a je a roƙi masu iko ko a matsa masu. «Renforcement des capacités», horo. «Atelier de capitalisation», zaman tuna abin da anka yi. «Parties prenantes», waɗanda abin ya shafa. «Supports de visibilité», bandarol da riguna da huluna masu tambari. «Stratégie digitale», sau da yawa shafin Facebook ne da guruf na WhatsApp. Da zarar an faɗe su da Hausa sai ka ji farashin ya fara nauyi a baki. Wa zai tsaya gaban mai gari ya ce an kashe miliyon 3 a zaman tuna abin da anka yi, rijiyar garin kuwa ba ta da murfi?

Akwai kalmar da ta fi ba ni haushi: «cible». Asalin ma'anarta abin da maharbi ke saitawa. Haka ake kiran iyayenmu da ƙannenmu a cikin waɗannan takardu. Wanda ka ɗauka abin saiti ba ka zama ka saurare shi, jifansa kake da saƙo ka wuce. Shi ya sa ake shirya saƙo a biro mai sanyi a Yamai, a kawo shi ƙauye a karanta, a ɗauki hoto, a tafi, ba a tambayi kowa ko ya gamsu ba.

Za a ce mini kowace sana'a da yarenta. Gaskiya ne. Mahauta na da nasu, maƙera na da nasu, likita ma haka. Amma likitan kirki in ya gama magana da abokin aikinsa yakan juyo ya ce ma maras lafiya: ga abin da ke damunka, ga magani, ga kuɗinsa. Kalmar sana'a in tana taƙaita magana tsakanin masana, ba laifi. In kuwa an jefa ta gaban mai biya ko mai amfana don ya ji kansa ƙarami ya yi shiru, ta zama makami. Abin mamaki, masu cewa sun ƙware a isar da saƙo su ne faktir ɗinsu ba ya fahimtuwa.

Wa ke ci, wa ke wahala

Mu bi kuɗin mu ga inda suke sauka. Tun 1999 da anka buɗe rediyon al'umma ta Bankilare, irin waɗannan gidajen sun bazu a faɗin ƙasa, kuma su ne muryar da ke shiga bukka da ruga da Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Tamashek da Barbarci. Su ke yin ainihin aikin. Amma a jerin masu karɓa su ne na ƙarshe. Ajans na babban birni ya cire nasa, otel ya ci nasa, mai buga bandarol ya ci nasa, abin da ya rage a miƙa ma rediyon da ke fama da batir da faifan sola. Mai fassara, wanda in ba shi saƙon ba zai wuce ƙofar otel ba, sau da yawa godiya ce ladansa ko ɗan abin shan ruwa. Wanda ya rubuta da Faransanci ƙwararre ne, wanda ya mayar da shi harshen mutane kuwa ɗan taimako. Wannan ma'auni a karkace yake.

Na san amsar da wasu za su bayar: masu ba da tallafi ne ke tilasta a nuna tambarinsu. Haka ne, Tarayyar Turai alal misali tana da ƙa'idoji a rubuce kan bayyana sunanta a ayyukan da ta ba kuɗi. Mai bayarwa na da haƙƙin a san ya bayar. Sai dai a rarrabe abu biyu da anka cusa cikin layi ɗaya. Kuɗin sanar da jama'a abin da zai amfane su daban, kuɗin tallata sunan mai bayarwa da na shugaban ƙungiya daban. A rubuta kowanne a layinsa mu ga wanne ya fi kauri.

Wasu kuma za su ce ina so a karya farashi, matasan da sunka yi karatun sadarwa su rasa abinci. Akasin haka nake nema. Duhu ba ƙwararre yake taimako ba, ɗan uwan mai sa hannu yake taimako, wanda ya buɗe ajans jiya don ya karɓi kwangilar yau. In farashi ya fito fili, aka ce ga aiki ga ma'auni, yarinyar da ta iya haɗa shirin rediyo mai shiga zuciya za ta samu kasuwa ko ba ta san kowa ba.

Ƙungiyoyin farar hula ma ba su tsira daga wannan ba. Ƙungiyar da ke neman gomnati ta bayyana yadda take kashe dukiyar ƙasa, amma ita tana raba ambulan a taron manema labaranta, da wane baki za ta yi magana? Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Abin da ya kamata mu nema

Na ɗaya, a daina karɓar farashin dunƙule. Kowane faktir na kominikasiyo ya zo a warware: abu kaza, guda nawa, kuɗin guda, jimla da haraji a ciki. In akwai la'ada a rubuta kashi nawa ce da wanda ke biyanta.

Na biyu, duk aikin da za a yi a gari, a karanta ma mutanen garin kasafinsa da harshensu, da jika da dala, a liƙa kwafi a ƙofar meri. Kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. In wannan matsayi na da ma'ana, ya kamata a gan shi a takardar kuɗi, inda ya fi amfanar talaka. Inda Hausa ba ita ce harshen gari ba, a yi da harshen wurin.

Na uku, duk rahoton da anka biya, a faɗa a farkonsa da ƙarshensa cewa an biya, a ambaci wanda ya biya. Gidan rediyo ba zai rasa kuɗinsa ba, mai sauraro kuma ya san abin da yake ji.

Na huɗu, ƙungiyoyi su daina ba ɗan jarida ambulan a hannu. In akwai kuɗin ɗaukar taro, a biya gidan da yake ma aiki, da rasit, su kuma masu gidajen a matsa masu su biya ma'aikatansu albashi.

Na biyar, kafin a fara kamfen a rubuta abin da ake so ya canza a rayuwar mutane da yadda za a gane ya canza. A ware ma rediyon al'umma da masu fassara kasonsu tun farko, a rubuce.

Muna da abin riƙewa a doka. Dokar nan mai lamba 2011-22 ta ranar 23 ga Fabrairu 2011 ta ba ɗan ƙasa damar neman bayanai da takardun hukuma. Ba ta aiki in ba a yi amfani da ita ba. Mu rubuta, mu nema, mu ajiye kwafin wasiƙar, in an yi shiru mu sake rubutawa.

Kafin nan, akwai abin da kowa ke iyawa ba sai da izinin kowa ba. Duk taron da kunka samu kanku a ciki, in an iso kan wancan layin an karanta shi da sauri ana shirin wucewa, ɗaya ya ɗaga hannu ya ce: don Allah a faɗa mana da Hausa, mi za a yi, nawa ne, wa zai karɓa? In mai bayani ya amsa tiryan-tiryan, mu yi masa godiya mu ba shi goyon baya. In ya fara kame-kame yana ƙaro wasu kalmomin Faransanci, to a dakatar da sa hannu sai an kawo lissafi a warware.

Allah ya ba mu ikon tambaya, ya kuma sa masu riƙe da amanar jama'a su ji tsoronsa. Ku tura ma na kusa da ku, musamman masu zama a kwamitocin gari da na ƙungiyoyi.